Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai: Tarihin Gem Ɗin Da Aka Binne A Juji

Mai karatu, in ka zaga unguwannin Haɗeja da yamma, da wuya ka rasa wani shago da janareto ke ruri a bayansa, samari sun jeru a benci gaban talabijin suna buga ƙwallo a PlayStation, wanda aka ci shi ke biya. Kada ka raina wannan harkar. Ƙanwar fim ce, uwa ɗaya uba ɗaya: tana da furodusoshinta, da tallanta, da 'yan kasuwar da ke tsaye a kan masu aiki suna cewa a yi sauri. Kuma ita ma ta sha ɗora wa jama'a ɗoki, a ƙarshe kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu.

Babban abin kunyar da aka taɓa yi a tarihinta ma daga fim ya samo asali. A watan Yuni na 1982 darakta Steven Spielberg ya saki fim ɗinsa E.T., labarin wata halitta daga sararin sama da ta maƙale a duniya har wani yaro ya ɓoye ta a gidansu. Fim ɗin ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba a lokacin. Nan da nan Steve Ross, shugaban Warner, kamfanin da ya mallaki Atari, ya sayi izinin mayar da labarin gem a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 20.

To a nan gizo ke saƙar. Sai ƙarshen Yuli aka gama ciniki, ga shi ana so kaya ya shiga kanti kafin Kirsimeti, wadda a wurinsu ita ce kasuwar Sallah. Aka kira wani matashi, Howard Scott Warshaw, wanda ya riga ya yi suna da gem ɗin Yars' Revenge, aka ce ya gama kafin 1 ga Satumba. Wato mako biyar da 'yan kwanaki, a kan aikin da aka saba yi cikin wata biyar zuwa shida! Ya gama kuwa, amma babu lokacin da za a ba yara su gwada a ji ra'ayinsu. Aka buga kaset miliyoyi.

Iyaye suka yi ta saye saboda sunan fim. Yaro ya kunna, me zai gani? E.T. na yawo yana neman gutsattsarin wayar tarho guda uku, ko'ina ya taka sai ya rufta rami, da ƙyar ya fito ya sake ruftawa. Sabuwar shekara na kamawa aka fara mayar da kaset kantuna, kantuna suka mayar wa kamfani. A 1983 Atari ya yi asarar fiye da dala miliyan 500. A watan Satumba na shekarar aka cika manyan motoci da kayan da suka yi kwantai, aka kai su jujin garin Alamogordo a jihar Niyu Meksiko, aka binne, aka zuba kankare. Shekara talatin mutane na gardama ko ƙanzon kurege ne, sai a Afrilun 2014 aka tone wurin a gaban kyamara, domin fim ɗin tarihi mai suna Atari: Game Over. Sai ga kaset ɗin E.T. a cikin shara, tare da na wasu gem-gem da dama.

Mutane kan ce E.T. ne ya kashe kasuwar gem a Amurka. Wannan ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Kafin zuwansa kasuwa ta riga ta cika da tarkace, don kowane ƙaramin kamfani na buga nasa, mai saye ya kasa bambance tsakuwa da aya. Sai a 1985 Nintendo na Jafan ya farfaɗo da ita, ta hanyar hana a fitar da kaset a na'urarsa ba da izininsa da hatiminsa ba. Shi kuwa Warshaw, daga baya ya bar harkar ya koma likitan ba da shawara ga masu damuwa.

Za ka ce ai an ɗauki darasi. Ina! Kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya sanar da Cyberpunk 2077 tun 2012. A 2019 aka fito da Keanu Reeves, jarumin The Matrix da John Wick, a dandalin talla, jama'a suka yi ta shewa. Mutum miliyan 8 suka biya tun kafin su gani. Ranar 10 ga Disamba, 2020, ya fito, kuma a PlayStation 4 hoto na tsinkewa, motoci na nutsewa cikin ƙasa. Cikin kwana takwas Sony ya cire shi daga kantinsa na intanet, ya mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai Yunin 2021. Ka lura da watan da aka sake shi: Kirsimeti ce dai ta sake kora su.

Wanda ya taɓa samarinmu kai tsaye shi ne na Konami, masu PES ɗin da aka daɗe ana bugawa a shagunanmu. A 2021 suka canza masa suna zuwa eFootball, suka ce kyauta ne, kuma sabon gini ne daga tushe. Da ya fito ranar 30 ga Satumba, ƙungiya tara kacal za ka iya zaɓa, babu Master League, fuskokin Messi da Ronaldo kuwa suka zama abin dariya a duniya. Washegari kamfanin ya nemi afuwa. Cikakken aikin bai iso ba sai Afrilun 2022.

Duk manomin fadamar Haɗeja ya san abin da ke faruwa in an yanke shinkafa ba ta nuna ba: a kai inji ta kakkarye, buhu ya ƙi auki. Amma shi yana da uzuri, kogi ne ke tahowa da ambaliya, gara ya tsira da rabi. Su waɗannan kamfanoni babu ruwan da ya kore su sai ranar da suka sa wa kansu.

Yanzu ka dawo gida. Ka tuna zamanin kaset da faifai, lokacin da ake liƙa fosta a Bata da Ƙofar Wambai labari bai gama rubutuwa ba, a haɗa tirela da waƙa mai daɗi, a yi ta rige-rigen kasuwar Sallah, a raba fim ɗin awa ɗaya kashi biyu? Mai kallo ya haƙura sau ɗaya, ya haƙura sau biyu, daga nan ya fara jira a tura masa a waya. Satar fasaha ta yi ɓarna, babu musu, amma ta tarar da amana ta riga ta yi rauni.

Bambanci ɗaya ne. Cyberpunk ya samu gyara ta intanet har aka dawo ana yabonsa a 2023. Fim kuwa in ya fita ya fita, haka littafi in ya bar maɗaba'a. Don haka masu shirya mana finafinai masu dogon zango, waɗanda ke ɗaukar na mako mai zuwa alhali na wannan makon yana kan YouTube, su dubi jujin Alamogordo da kyau. Kai kuma mai kallo, in ka ga tirela ta cika zaƙi, riƙe kuɗin datarka har ka ji daga bakin wanda ya kalla.

Allah ya sa mu gane.