Neman bayanai kan yankunan ƙanƙara da tekuna

Neman bayanai kan yankunan ƙanƙara da tekuna wani ɓangare ne na aikin laburare da ya shafi gano littattafai, mujallu, taswirori, rahotanni da alƙaluman awo game da ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, wato Aktik da Antatika, da kuma manyan tekunan da ke tsakaninsu. Ana haɗa fannonin biyu wuri guda saboda ƙanƙara da ruwan teku tare suke sarrafa yanayin duniya. Ɗakunan karatun da suka ƙware a wannan fanni kaɗan ne, kuma akasarinsu suna Turai da Arewacin Amurka, amma tun daga shekarun 2000 an ɗora kaso mai yawa na abin da suka tara a intanet. Wannan ya buɗe ƙofa ga ɗalibai da malamai a wuraren da ke nesa da teku, kamar Anka da Bukkuyum da Gummi a yammacin jihar Zamfara, inda ruwan damina da noma ya dogara a kai daga teku yake tasowa.

Yankunan da fannin ya ƙunsa

Aktik teku ne da ƙanƙara ta rufe, ƙasashe kuma suka kewaye shi, irin su Rasha, Kanada, Norway, Amurka da tsibirin Girinlan. Antatika kuwa nahiya ce da teku ya kewaye. Faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 14, kuma ƙanƙarar da ke kanta, da za ta narke gaba ɗaya, za ta ɗaga tekun duniya da kusan mita 58. Ta Girinlan za ta ɗaga shi da kusan mita 7.

Babu ƙasar da ke mulkin Antatika. Yarjejeniyar Antatika, wadda ƙasashe 12 suka sa wa hannu a 1959 ta kuma fara aiki a 1961, ta keɓe nahiyar don zaman lafiya da binciken kimiyya, ta kuma wajabta musayar sakamakon bincike tsakanin ƙasashe. Wannan sharaɗi na cikin dalilan da suka sa ake samun bayanan yankin kyauta. Afirka ta Kudu ce kaɗai ƙasar Afirka a cikin waɗanda suka fara sa hannu.

Alaƙa da damina a ƙasar Hausa

Garin Gummi yana da nisan fiye da kilomita 600 daga gaɓar teku, amma rayuwar manomansa a ɗaure take da tekun Atlantika. Iskar damina mai ɗauke da laima tana tasowa ne daga mashigin tekun Gini, ta nufo arewa maso gabas, ta zubar da ruwa a yammacin Zamfara daga wajejen Mayu ko Yuni zuwa Satumba ko farkon Oktoba. Wani ɓangare na ruwan yana taruwa a gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi ya wuce ta Jega, ya faɗa gulbin Sakkwato, daga nan sai kogin Kwara, ya koma tekun da ya fito.

Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da wanda ya biyo baya a 1983 zuwa 1985, masana da yawa sun ɗora laifin kan sare itatuwa da yawan kiwo. Daga baya bincike ya karkata ga teku. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a hukumar kula da yanayi ta Birtaniya sun wallafa maƙala a mujallar Nature da ta nuna cewa shekarun ƙarancin ruwa a Sahel suna tafiya tare da bambancin ɗumin ruwan teku tsakanin arewaci da kudancin duniya. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta sun ƙarfafa wannan a mujallar Science, inda suka nuna cewa sauyin ɗumin tekuna kaɗai ya isa ya bayyana babban ɓangare na hawa da saukar damina a yankin cikin ƙarni na 20.

Ƙanƙarar arewa ma ta shigo lissafin. Wani bincike da Dimitri Defrance da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar PNAS a 2017 ya gwada a kwamfuta abin da zai faru idan ƙanƙarar Girinlan ta narke da sauri. Sakamakon ya nuna cewa ruwan da ba shi da gishiri da zai kwarara cikin arewacin Atlantika zai raunana zagayawar ruwan tekun, damina ta ragu a Afirka ta Yamma, filayen da ake iya noma gero da dawa su tsuke. Hasashe ne na abin da ka iya faruwa, ba tabbaci ba, amma ya sa masu nazarin noma a Sahel suna bibiyar rubuce-rubucen da a da ake ganin ba su shafe su ba.

Matsalar ba ta tsaya ga fari ba. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agustan 2024 ta raba dubban mutane da gidajensu. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda ke faɗin lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa, yana la'akari da ɗumin tekun Pasifik, wato yanayin El Nino da La Nina. Don haka ɗalibin da ke rubuta kundin digiri kan ambaliya a fadamar Gummi ko kan ranar shuka a Anka yakan tarar da cewa rabin abin da yake nema yana cikin mujallun ilimin teku.

Manyan ɗakunan karatu

Ɗakin karatu na Cibiyar Scott da ke Jami'ar Kambirij a Ingila na cikin mafi girma a duniya a wannan fanni. An kafa cibiyar a 1920 don tunawa da Kyaftin Robert Falcon Scott da mutanensa, waɗanda suka rasu a 1912 a hanyarsu ta dawowa daga ƙuryar kudu. Tana ajiye da littattafan tafiya na matafiya, wasiƙu, hotuna da taswirori, kuma ita ta fara fitar da mujallar Polar Record a 1931.

A Jamus akwai Cibiyar Alfred Wegener da ke Bremerhaven, wadda aka kafa a 1980 don binciken ƙanƙara da teku. A Amurka akwai Cibiyar Byrd a Jami'ar Jihar Ohio, da ɗakin karatun haɗin gwiwa na cibiyoyin teku da ke Woods Hole. A Kanada, Cibiyar Aktik ta Arewacin Amurka da ke Jami'ar Calgary ce ta tattara rumbun ASTIS, wanda ya ƙunshi rubuce-rubuce kan arewacin ƙasar.

Ma'aikatan waɗannan ɗakunan karatu suna da ƙungiyoyi biyu. Ta farko ita ce Polar Libraries Colloquy, wadda ta fara zama a Edmonton a 1971 kuma take taro duk bayan shekara biyu. Ta biyu ita ce IAMSLIC, ta ɗakunan karatun ilimin teku da ruwaye, wadda aka kafa a 1975, tana kuma da reshen Afirka. Mambobinta sukan aika wa juna kwafin maƙalun da wani ya nema ya rasa.

Rumbunan intanet

Rumbunan sun kasu gida uku: masu nuna inda rubutu yake, masu ba da rubutun kansa, da masu ba da alƙaluman awo.

A rukunin farko akwai ASFA, wanda ya fara a 1971 kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke riƙe da sakatariyarsa. Yana kawo taƙaitaccen bayani kan maƙalu da rahotanni game da teku, koguna, tafkuna da kamun kifi, har da rahotannin hukumomi da ba a sayarwa a kasuwa.

A rukuni na biyu akwai AquaDocs, wanda ya samu a 2021 bayan haɗe rumbunan OceanDocs da Aquatic Commons, kuma kowa na iya sauke abin da ke cikinsa kyauta. Akwai DOAJ, jerin mujallun da ba a biyan kuɗi kafin a karanta su, da AJOL mai ɗauke da mujallun Afirka. Mujallun da ake saya kuwa ana iya kai wa gare su ta shirin Research4Life, wanda ke bai wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa dama kyauta ko a farashi mai sauƙi. Sassansa biyu da suka fi dacewa su ne AGORA na aikin gona, wanda aka buɗe a 2003, da OARE na muhalli, wanda aka buɗe a 2006. Makaranta ce ke yin rajista, ba mutum ɗaya ba, kuma lambar shiga tana hannun shugaban laburare. Rahoton musamman da kwamitin IPCC ya fitar a 2019 kan teku da ƙanƙara shi ma kyauta ne, kuma masu bincike kan fara da shi saboda ya tattara dubban maƙalu wuri guda.

A rukuni na uku akwai cibiyar NSIDC da ke Boulder a Amurka, mai ajiye da awon faɗin ƙanƙarar teku da tauraron ɗan Adam ke ɗauka tun 1979. Awon ya nuna cewa ƙanƙarar Aktik ta yi ƙarancin da ba a taɓa gani ba a watan Satumban 2012, inda ta sauka zuwa kusan murabba'in kilomita miliyan 3.4. Rumbun PANGAEA na Jamus yana ɗauke da bayanan ƙanƙarar da aka haƙo daga Antatika, wadda ke nuna yanayin duniya na shekaru 800,000 da suka wuce. Shirin Argo yana da na'urori kusan 4,000 da ke yawo a tekuna, suna nutsewa zuwa mita 2,000 suna auna zafi da gishiri. Shirin PIRATA na Brazil da Faransa da Amurka, wanda ya fara a 1997, ya kafa na'urori a tsakiyar Atlantika har da mashigin Gini, daidai inda iskar damina ke tasowa.

A Najeriya da Nijar

Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853. Cibiyar da ke da alhakin bincikensa ita ce NIOMR da ke Legas, wadda aka kafa a 1975. Ta fuskar koguna da tafkuna kuwa akwai cibiyar NIFFR da ke New Bussa a jihar Neja, wadda ta samo asali daga shirin binciken tafkin Kainji. Ɗakin karatunta ya shigar da rubuce-rubucen Najeriya da dama cikin ASFA, kuma ana samun maƙalun tarukan ƙungiyar masana kifi ta Najeriya a AquaDocs. Da yake ruwan gulbin Zamfara ta Kainji yake bi, wannan cibiya ta fi kusa da bukatun masu bincike na yankin.

A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a 1974 bayan babban fari, wadda ke tattara bayanan ruwan sama da amfanin gona na ƙasashen Sahel, da kuma cibiyar ACMAD mai hasashen yanayi na nahiyar Afirka.

Ɗakunan karatu na manyan makarantu mafi kusa da Anka da Bukkuyum da Gummi sun haɗa da na Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, da na Kwalejin Ilimi ta Maru. Waɗanda suka fi su girma su ne Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Yadda ake nema

Akasarin jami'o'in Najeriya suna jera littattafai bisa tsarin Ɗakin Karatun Majalisar Dokokin Amurka. A wannan tsari ilimin teku yana ƙarƙashin GC, labarin ƙasa na Aktik da Antatika yana tsakanin G575 da G890, ilimin yanayi yana tsakanin QC851 da QC999, kamun kifi da kiwonsa kuma suna SH. A ɗakunan karatun da ke bin tsarin Dewey, ilimin teku yana 551.46, yanayi yana 551.6, labarin ƙasa na yankunan ƙanƙara kuma yana 919.8. Wannan na nufin littattafan fanni guda sukan watsu a kantoci daban-daban, don haka ake fara duba kundin jerin littattafai kafin a nufi kanta.

A rumbunan intanet, sunan ƙaramar hukuma ba ya cika kawo sakamako. Manyan maƙalu suna magana ne kan Sahel, ko Afirka ta Yamma, ko kwarin Sakkwato da Rima, kuma da waɗannan sunaye ake samun su. Sunayen wurare ma suna da rubutu fiye da ɗaya: ana samun Bukkuyum da Bukwium, ana kuma kiran gulbin Zamfara da gulbin Gindi a wajejen Jega. Kusan duk rubuce-rubucen da Turanci suke, sai dai kaso mai yawa na binciken damina a Sahel da Faransanci aka yi shi, kuma ana samunsa kyauta a rumbun Horizon na cibiyar IRD ta Faransa.

Matsaloli

Babbar matsala ga mai bincike a yammacin Zamfara ita ce wutar lantarki da tsadar data, domin wasu fayilolin awon teku suna da nauyi, kuma sai da manhaja ta musamman ake buɗe su. Matsalar tsaro a hanyoyin yankin ta sa zuwa Gusau ko Sakkwato don duba littafi ya ƙara wuya. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar na tsawon makonni, abin da ya yanke hanyar shiga rumbunan intanet gaba ɗaya.

Akwai kuma giɓi a cikin bayanan kansu. Awon teku da na ƙanƙara suna da yawa kuma a tsare suke, amma tashoshin auna ruwan sama a karkarar arewa maso yamma kaɗan ne. Masu bincike kan cike giɓin da rumbun CHIRPS, wanda ke haɗa awon tauraron ɗan Adam da na tashoshi tun daga 1981, su kuma gwada shi da rahotannin NiMet, da hasashen ambaliya na shekara-shekara na hukumar NIHSA, da tsofaffin rahotannin lardin Sakkwato da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da kuma abin da dattawan manoma da masunta suka riƙe na shekarun fari da na ambaliya.