Amsoshin Wasiƙunku: Tarihin Ƙungiyar Mata Ta Doncaster Belles

TAMBAYA: Na ji a filin wasanni an ce akwai wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata a Ingila wadda a da ta gagari kowa, amma hukuma ta saukar da ita zuwa ƙaramin rukuni ba tare da an ci ta a fili ba. Don Allah ina son tarihinta. Kuma mu nan Nijeriya muna da irinta? Daga wata mai sauraronmu a Dingyadi, ƙaramar hukumar Bodinga, Jihar Sakkwato, wadda ta ce a sakaya sunanta.

AMSA: To Malama, mun gode da wasiƙarki, Allah ya bar zumunci. Wannan ƙungiya da kike tambaya ita ce Doncaster Belles, kuma abin da kika ji gaskiya ne, sai dai akwai ɗan bayani a kai.

Shi dai Doncaster gari ne a arewacin Ingila, cikin yankin Yorkshire, wanda a da aka san shi a matsayin garin ma'aikatan jirgin ƙasa da mahaƙa kwal. A shekarar 1969 wasu 'yan mata da ke sayar da tikitin cacar da kulob ɗin maza na garin, wato Doncaster Rovers, yake tara kuɗi da ita, suka ce su ma fa sai sun taɓa tamaular nan da suke kallo kowace Asabar. Jagorarsu ita ce Sheila Stocks. Da farko sun sa wa kansu suna Belle Vue Belles, saboda Belle Vue shi ne sunan filin wasan. Ita kuwa kalmar Belles daga Faransanci aka aro ta, ma'anarta kyawawa.

Kada ki ɗauka abu ne mai sauƙi a wancan lokaci. Tun watan Disamba na 1921 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta hana mata wasa a filayen kulob-kulob ɗin da ke ƙarƙashinta, wai wasan bai dace da su ba. Abin mamaki, shekara guda kafin nan mutum wajen 53,000 ne suka cika filin Goodison Park a Liverpool don kallon matan Dick, Kerr na garin Preston. Ba a janye wannan hani sosai ba sai a 1971. Kin ga ke nan 'yan matan Doncaster sun fara ne tun dokar tana aiki.

Daga 1983 aka fara jin su a duk faɗin ƙasar, lokacin da suka doke St Helens da ci 3 da 2 suka ɗauki kofin ƙalubale na mata. Tsakanin 1983 da 1994 an yi wasan ƙarshe na wannan kofi sau 12, su kuwa sun buga 11 daga ciki, suka ɗauke shi sau 6: a 1983, 1987, 1988, 1990, 1992 da 1994. Da aka kafa gasar rukuni-rukuni ta ƙasa a kakar 1991 zuwa 1992, wasa 14 suka yi, suka ci 14, ko kunnen doki ɗaya babu. A wannan kaka Karen Walker ta riƙa zuba ƙwallo uku-uku a kowane zagaye na kofin ƙalubale, har da wasan ƙarshe. Kai, ta kai a wani zamani idan aka kira ƙungiyar ƙasa ta Ingila, sai ka ga kamar Doncaster ce ta sake riga. Kyaftin ɗinsu Gillian Coultard, wadda ta shigo kulob ɗin tana da shekara 13, ita ce mace ta farko da ta buga wa Ingila wasa 100, ta kuma tsaya a 119.

Duk wannan fa babu albashi. Ita kanta Coultard a masana'anta take aiki, da rana ta yi aikinta, da yamma ta je atisaye. Kuma shekarun nan su ne na wahala a yankin, don bayan yajin aikin mahaƙa kwal na 1984 zuwa 1985, zamanin Firayim Minista Margaret Thatcher, aka yi ta rufe ramukan kwal ɗaya bayan ɗaya. Ni a ganina wannan ne ya sa mutanen garin suke jin ƙungiyar har cikin ransu.

To, sai zamani ya juya. A 1993 hukumar nan da ta taɓa hana mata wasa ta karɓi ragamar wasan nasu. Manyan kulob-kulob na maza masu kuɗi suka fara kafa sashen mata ko suka ƙarfafa shi. Arsenal ta Landan ta amshe sarautar, Fulham kuma a 2000 ta fara biyan 'yan wasanta cikakken albashi, ta doke Belles a wasan ƙarshe na 2002. Ganin haka, a 2003 Belles suka jingina da kulob ɗin maza na garinsu, aka koma kiran su Doncaster Rovers Belles. Amma ita ma Rovers ɗin ba wata mai ƙarfi ba ce.

Yanzu mu zo kan ainihin tambayarki. A 2011 aka kafa sabuwar babbar gasa mai ƙungiyoyi 8, Belles suna ciki. Ita wannan gasa ba da cin wasa kawai ake shigarta ba, lasisi ake nema, a duba kuɗinka da filinka da tsarinka. A watan Afrilu na 2013, bayan sun buga wasa ɗaya tak a kakar, hukuma ta ba da sanarwa cewa daga 2014 za su koma rukuni na biyu, Manchester City ta maye gurbinsu. Ita kuwa City, wadda attajirin Abu Dhabi Shaihu Mansur ya saya a 2008, matanta na huɗu suka zo a rukunin ƙasa da wannan. Sunderland da ta zo ta ɗaya ma ba a ba ta gurbin ba. Mu da muka taɓa riƙe alli, abin ya yi mana kama da a kira ɗalibi a makon farko na zango a ce masa ko ya ci jarrabawa ko bai ci ba, zai maimaita aji, don an riga an ba ɗan mai kuɗi kujerarsa. Wane karatu zai yi kuma? Daga cikin dalilan hukuma har da batun fili, domin Belles su ne na uku a layin amfani da filin garin, bayan 'yan ƙwallon maza da 'yan wasan zari-ruga. Suka ɗaukaka ƙara, ba su yi nasara ba.

Adalci dai shi ne a faɗa miki cewa ƙarfinsu ya riga ya ragu. A 2011 da 2012 na biyun ƙarshe suka zo, a 2013 kuma su ne kurar baya. Amma an yanke hukuncin tun kafin a san haka, kuma su kaɗai ne ƙungiyar da ba ta taɓa barin rukunin farko ba tun 1991.

Sun sake hawa a 2015, suka faɗo a 2016. A 2018 suka zama zakarun rukuni na biyu, amma saboda rashin kuɗi, maimakon hawa sai suka janye suka gangara rukuni na uku, manyan 'yan wasan suka watse. A 2019 suka faɗa na huɗu. Duk da haka a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2023, wanda Spain ta ci Ingila 1 da nema, kyaftin ɗin Ingila Millie Bright da mai tsaron gida Mary Earps duk sun taɓa sa rigar Belles.

Game da mu nan gida, akwai makamancin haka, ko da yake ba hukuma ce ta saukar da su ba. Jegede Babes ta Legas, wadda Gimbiya Bola Jegede ta riƙe da aljihunta, da Ufuoma Babes ta Warri, su ne suka mamaye gasar mata a farkon shekarun 1990, daga baya aka daina jin ɗuriyarsu. Ƙungiyoyin da gwamnatocin jihohi suke ɗauke da nauyinsu ne suka gaje su, irin su Rivers Angels da Delta Queens. A Arewa kuwa wadda ta fi yin fice ita ce Nasarawa Amazons ta Lafiya, wadda ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2013 da 2017.