Daga Rawani Ɗan Kura Zuwa Kwandon Tumatir: Masu Ba Da Shawara a Ƙasar Kura

Kafin a san Kura da shinkafa, da rini aka san ta. A ƙarni na 19 garin yana cikin manyan cibiyoyin saƙa da rini na ƙasar Kano, kuma daga nan rawani ɗan Kura ya samo sunansa: siririyar saƙa ce da ake ta tsomawa a baba, sannan mabuga su buge ta da shuni har ta riƙa ƙyalli. Manyan masu sayensa Buzaye ne, mutanen Agadas da Azbin, waɗanda yawancin marina ba su taɓa taka ƙasarsu ba. To wa ke gaya wa marini irin baƙin da ake so a can, da lokacin da ayari zai iso? Fatoma da dillali. Fatoma ke sauke fatake, ya adana musu kaya, ya tsaya musu in za a ba su bashi, ya kuma tsegunta wa mai sana'a abin da kasuwa ke nema. Ba a biyansa kuɗin shawara. La'ada yake ci idan ciniki ya faɗa, don haka duk ranar da ya ba da gurguwar shawara, da shi aka yi asara.

Wani sabon nau'in mai ba da shawara ya zo ne tare da ruwa. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar Bagauda, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, sannan aka kammala madatsar Tiga a 1974, daidai lokacin da fari ya gama gasa wa Arewa aya a hannu. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne ya tsara aikin noman ranin. An auna kimanin hekta 22,000 a kashi na farko, ruwa ya gangaro da kansa ta manyan magudanai ba tare da injin ba, ya ratsa ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam. Aka karɓi gonakin mutane aka baje su, aka mayar musu bayan an cire abin da magudanai da hanyoyi suka ci. Daga 1976 Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi ragamar aikin.

Shawarar da ta zo da ruwan ɗaya ce: a shuka alkama. A takarda abin ya yi ma'ana. Kuɗin mai ya koya wa birane cin burodi, jiragen ruwa na ta sauke alkamar Amurka a Legas, gwamnati na son rage wannan kashe kuɗi. Alkama kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, an daɗe ana nomanta kaɗan-kaɗan a lambu da jigo saboda alkaki da taliya da finkaso. Matsalar tana cikin kalanda. Alkama na son sanyin hunturu, dole ta shiga ƙasa daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. A wannan lokacin kuwa dawa na tsaye a gona ba ta gama nuna ba. Sai jami'ai suka ce a bar dawa, a koma ga amfanin da ke saurin tashi. Manomi ya san abin da dawa take a gidansa: tuwon shekara ce, kararta danga ce da makamashi da abincin dabbobi. Da yawa suka yi kunnen uwar shegu, suka girbe dawarsu, suka shuka alkama a makare, amfanin ya zo ƙasa da abin da masana suka lissafa. Tina Wallace, wadda ta yi bincike a yankin tana Jami'ar Ahmadu Bello, ta rubuta wannan ja-in-ja, haka ma Gunilla Andrae da Björn Beckman a littafinsu na 1985, The Wheat Trap.

Alkama ta ɗan ga rana lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, farashi ya tashi, har attajirai da ma'aikatan birni suka shigo haya gona. Da aka ɗage haramcin a farkon shekarun 1990, kasuwar ta sake kwantawa.

Malaman gona ba su zauna ba. KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jihar Kano wadda aka kafa a farkon shekarun 1980 da tallafin Bankin Duniya, ta bi tsarin da malami ke zagaya manomansa duk mako biyu da saƙo guda: tazarar shuka, awon taki, lokacin feshi. Reshen cibiyar binciken noma ta Samaru da ke Kadawa yana gwada iri. A 1992 shirin Sasakawa Global 2000 ya shigo da gonakin gwaji, inda manomi ke ganin bambanci da idonsa. An ƙaru da su ƙwarai, ba a musu. Sai dai iliminsu yana ƙarewa ne a bakin gona. Wa zai saya, nawa zai biya, yaushe kuɗin zai shigo hannu, wannan ba ya cikin jakar malamin gona.

Gurbin da ya bari 'yan gwari ne suka cike. Babu wani kundin tsari da ya ce yankin zai zama matattarar tumatir, amma ga ruwa a rani, ga titin Kano zuwa Zariya ya ratsa ta tsakiyar gonakin, ga Legas na neman kayan miya. Kasuwar Kwanar Gafan ta tashi a kan haka. Da sassafe ake shigo da kwanduna, a rufe bakinsu da ciyawa ko takarda, a ɗaure, 'yan dako su jera su hawa-hawa a tirela, ta kama hanyar kasuwar Mile 12 ta Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Dillali a nan shi ne jikan fatoma. Shi ke cewa a shuka irin tumatir na UTC don yana jure hanya, shi ke ba da kuɗin taki da rani a biya da kaya, shi ke buga waya Legas ya ce yau a dakata da tsinka, motoci sun yi yawa. Kada a ɗauka waliyyi ne. Wanda ya ci bashinsa ba ya iya kai kaya wani wuri, kuma idan tumatir ya yi ambaliya a Fabrairu da Maris, kwando ya faɗi har bai biya kuɗin mota ba, manomi ne ke tsaga shi ya shanya a ƙasa ya yi kauɗa, dillali kuwa ya riga ya cire la'adarsa.

A shinkafa ne masana na zamani suka fi dacewa. Noman damina a cikin magudanan ya koma shinkafa, Kura ta cika da injinan casa, mata kuma suka riƙe turara a cikin gidaje: a jiƙa shanshera, a ɗora a tukunya ko rabin duro, a shanya a tabarma ko bakin titi. Abin da ya hana shinkafar gida daraja sananne ne, tsakuwa da wari da karyewa. Shirye-shirye irin su PrOpCom, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, sun zauna da mata masu turara da masu injin a kan abubuwa ƙanana: a wanke shanshera kafin a jiƙa, a sa faranti mai ramuka a gindin tukunya don tururi ya dafa ta maimakon ruwa, a shanya a leda ko siminti, a sayi injin cire tsakuwa, kada a gauraya irin Sipi da na Jamila a buhu ɗaya. Wannan ta shiga, domin mace na ganin bambancin a kuɗin kwano ranar kasuwa. Da Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa dalar gwamnati a 2015, aka kuma rufe iyakoki a Agustan 2019, waɗanda suka riga suka gyara hannu su suka fara ɗinka buhu da sunansu.

Tumatir bai yi wannan sa'a ba. Masana'antar Dangote da ke Kadawa, mai iya niƙa tan 1,200 a rana, ta buɗe a 2016 da alkawarin tsayayyen farashi. A shekarar ce tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki, masana'antar ta tsaya. Ko da ta dawo a 2019, samun isasshen kaya ya ci gaba da yi mata wuya, domin duk lokacin da Legas ta fi tsoka, can kwando ke nufa. Haka shawarar barin kwando a koma akwatin roba mai cin kilo 25, wadda shirin GEMS4 ya tallata. Gaskiya ne tumatir ba ya matsewa a cikinsa. Amma kwando in ya isa Legas an gama da shi, akwati kuwa jari ne da sai an dawo da shi fanko, kuma dillali da ɗan dako da direba duk da kwando suke lissafi. Ana ganin akwatunan yau, sai dai kwando bai bar kasuwa ba.

Daga baya aka kawo TRIMING, shirin da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, wanda ya gyara magudanan da kachala da yashi suka toshe. Shawararsa ta shafi ruwan ne kansa: manoma su haɗu a ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su tara kuɗin ruwa, su riƙa yashe ƙananan magudanai da kansu. Ke nan manomin da aka fara da gaya masa abin da zai shuka, yanzu ana neman ya riƙe littafin shiga da fita, ya buɗe asusu a banki, ya kuma bi maƙwabcinsa na bakin magudana bashin kuɗin ruwan bara.