Tururuwa a gida: ku san irinta kafin ku sayi magani

A Zonkwa, hedikwatar Zangon Kataf, ruwan sama kan sauka tun Afrilu. Da ramuka sun cika, sai tururuwa su hauro ɗaki. Iri uku na fi sani. Kiyashi sukari da mai yake bi: ku rufe kwanuka, ku goge hanyarsa da ruwan sabulu, domin warin sawun 'yan'uwansa yake bi. Cinnaka cizo gare shi: a zuba tafasasshen ruwa a raminsa, a toshe da siminti. Kwarkwasa kuwa runduna ce, dare ɗaya sai ta gama da 'yan tsaki, don haka a kewaye akurki da toka. Ina roƙonku, kada ku fesa Sniper a madafa ko ɗakin kwana. Maganin gona ne, yana kisa.