Koyon Hawan Doki: Daga Bargar Sarki zuwa Dei-Dei

Dei-Dei, wadda ke kan hanyar Kubwa zuwa Zuba, ta yi suna da kasuwar dabbobinta, amma al'adar hawa a wannan yanki ta girmi birnin tarayya nesa ba kusa ba, domin Zage-zagin da jihadi ya kora daga Zariya sun iso da dawakinsu, kuma su ne suka kafa tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a shekarar 1828. Doki a ƙasar Hausa kayan yaƙi ne kafin ya zama kayan ado, kuma Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi, wato rigar auduga mai kauri da ke kare doki da mahayinsa daga kibiya, ga zamanin Sarki Kanajeji (1390–1410).

Saboda tsadar doki, ba a miƙa wa ɗan koyo linzami a ranar farko. A fada, inda Shamaki ke kula da barga, yaro yakan fara ne daga ƙasa, yana yankan ciyawa, yana zuba harawa da dusa da kanwa, yana share gindin turke, har dokin ya san muryarsa. Daga nan sai ya riƙa jan sa da ragama, wato igiyar kai wadda ba ta da ƙarfe, sannan a ɗora shi ba sirdi don cinyoyinsa su koyi riƙo. Akwai hikima a wannan jinkiri, domin linzamin gargajiya mai zobe yana da zafi ƙwarai, kuma hannun da bai ƙware ba yakan fasa bakin doki, ya ɓata shi har abada. Sai yaro ya iya ɗaure majayi, wanda ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin ciki, ya kuma saba da likkafa a wajen kilisa, wato hawan yamma na motsa doki, kafin a bar shi ya yi sukuwa.

Wasan folo, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kafa a garinsa a shekarun 1920, ya yaɗa sirdin Turawa maras tudu da koyo a fili. Ɗan koyon Abuja na yau yakan biya kuɗi ya tarar an riga an ɗaura masa sirdi, ya iya zama da wuri, amma mai barga ne kaɗai ya san halin dokin da yake hawa.