Dandalin Ƙasa na Samaru

A shekarar 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a ƙarƙashin sashen Turanci. Jagoran aikin, Michael Etherton, ya taɓa koyarwa a Jami'ar Zambiya, inda ya sa hannu wajen kafa dandalin Chikwakwa, wanda fili ne ba rufi. Saboda haka da aka tashi gina dandali a Samaru, ba a kwaikwayi zauren Turawa mai labule da kujeru a jere ba. Steven Ehrlich, wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, ya tsara shi da ginin ƙasa: ɗakuna kewaye da fili, kamar tsakar gidan Bahaushe. Mai wasa da ɗan kallo kusan numfashinsu ɗaya.

Amma a ganina, wasannin da suka fi nauyi a tarihin sashen ba a wannan dandali aka yi su ba. A 1977, lokacin da gwamnatin Obasanjo ke ta yekuwar shirinta na ciyar da ƙasa, ɗalibai suka kai Wasan Manoma ƙauyukan Soba. Bayansa aka yi Wasan Maska, kan tsafta da lafiya. Da Hausa ake yi, a fili, ba kuɗin shiga.

Sai dai da sauran rina a kaba, kuma malaman da kansu suka gane haka. Ɗalibi ya zo, ya yi tambayoyi, ya koma jami'a ya shirya wasa, ya dawo ya nuna wa manomi matsalarsa, a tafa, ya hau mota ya tafi. To, wa ya fi manomi sanin tsadar taki? Daga nan salon ya sauya, musamman a aikin Bomo, ƙauyen da ke maƙwabtaka da jami'ar: mutanen gari su shiga ƙulla labarin, a dakatar da wasa ana tsaka da rikici, a tambayi jama'a ina mafita. Salihu Bappa da Oga Steve Abah na cikin waɗanda suka raini wannan salo.

Ni sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, inda kowane layi da na gyara yana ajiye da kwanan wata da sunana. Waɗannan wasanni kuwa yawancinsu ba daga rubutaccen littafi suka fito ba, a bakin 'yan wasa aka ƙirƙire su. Abin da ya rage shi ne rahotannin malamai, da Turanci, da kuma abin da dattawan Bomo da Soba ke iya tunawa. Ɗalibin da ya yi Wasan Manoma yana ɗan ashirin, yau ya doshi saba'in.