Wasiƙar da Ba Ta Isa Umdurman

A watan Janairun 2020 kamfanin Toyota ya yi kiranyen motoci kusan 700,000 a Amurka saboda aibin famfon mai. A watan Oktoba adadin ya haura miliyan biyar a duniya. Famfon ƙirar kamfanin Denso ne na Japan. Yana zaune cikin tanki, kuma a cikinsa akwai 'yar farfela ta roba mai tura fetur zuwa inji. An gano cewa robar wasu farfelolin ba ta yi tauri yadda ya kamata ba, sai ta sha mai, ta kumbura, ta cije. Mota na cikin gudu sai inji ya mutu. A Disambar 2023 Honda ma ta kira motoci sama da miliyan 2.5 a Amurka kan wannan aibi.

Kamfanoni ba don Allah suka koyi wannan ladabi ba. A 1965 wani lauya, Ralph Nader, ya fitar da littafi yana zargin masu ƙera motoci da fifita riba a kan rai, a lokacin da hatsarin mota ke cin kusan mutum 50,000 duk shekara a Amurka. A 1966 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa kamfani sanar da masu mota in ya gano aibi. Daga baya aka ƙara cewa gyaran kyauta ne. A 1978 Ford ta kira kimanin motoci miliyan 1.5, galibi ƙirar Pinto, saboda tankinsu na kama wuta in an buge su ta baya.

To amma duk tsarin nan a kan wasiƙa ya dogara. Kamfani ya duba rajista, ya ga suna da adireshin mai mota, ya aika masa. Mu kuwa motocinmu sun bi hannu da yawa kafin su iso.

Mu ɗauki Sudan, inda Hausawa suka daɗe da zama tun zamanin zuwa Makka a ƙafa. Hartum da Umdurman garuruwan Toyota ne: Hilux da Land Cruiser da Corolla ke cika gadojin kogin Nilu. Wanda ya sayi sabuwa wurin wakilin kamfani yana da suna a littafi. Sauran fa? Daga 1997 zuwa 2017 ƙasar na ƙarƙashin takunkumin Amurka, kuɗin waje ya yi wuya, mutane suka raja'a kan tsofaffin motoci. Wasu ma ta hamada ake shigo da su daga Libiya da Cadi babu takardun kwastan, har 'yan Sudan suka laƙaba musu suna "Boko Haram". Ina wasiƙa za ta sami mai irin wannan mota? Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara dagula lissafi, domin an sace motoci masu yawa a Hartum, masu su kuma suka watse.

Mai karatu na Kano ko Maraɗi kada ya ce wannan labarin nesa ne. Motocin Beljiyam da ake saukewa a Kwatano haka suke zuwa: aibi ya biyo mota ya ƙetare teku, takardar gyara ta tsaya can. Mota ta mutu a tsakiyar titi, a ce mai ne gurɓatacce, a wanke tanki, a koma hanya da iyali a baya.

Akwai abin da mai mota zai iya yi da kansa. Galibin motoci suna da lambar casis mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta gilashin gaba ɓangaren direba. In motar daga Amurka ta fito, a shigar da lambar a shafin intanet na hukumar NHTSA, nan take zai nuna ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. Abin da ya fi wannan sai hukuma: da kwastan za su riƙa duba lambar nan tun a tashar jiragen ruwa, da an tare aibin kafin ya hau titi.